Bikin Kamun Kifi Na Argungu: Gadon Da Ya Yi Ta Sauya Hannu

A watan Maris na shekarar 2020, sa'ad da aka harba bindiga a bakin Matan Fada, dubban masunta suka ruga cikin ruwa da homa da gora, an sanar da jama'a cewa wannan shi ne karo na 60 da aka yi Bikin Kamun Kifi da Al'adun Gargajiya na Argungu. Duk mai lissafin da ya ji wannan sanarwa sai ya tsaya ya yi ƙidaya. Bikin dai cikin 1934 aka fara shi, daga 1934 kuwa zuwa 2020 shekara 87 ke nan in an haɗa da ta farko da ta ƙarshe. To, in har daga farkon aka ɗauko ƙidayar, ashe akwai shekara 27 da rani ya zo ya wuce ba a taru a bakin gulbi ba. Goma daga cikinsu a jere suka zo, watau daga 2010 zuwa 2019.

Wannan lissafi yana tona wani abu da ba a cika faɗa ba a ranar biki. Sallah, in wata ya tsaya, ba ta jiran izinin kowa. Shi kuwa bikin Argungu sai wani ya ɗauki nauyinsa, ya ware kuɗi, ya gyara fili, ya aika wa baƙi takarda. Mai ɗaukar nauyin nan ya yi ta sauyawa, daga masunta zuwa fada, daga fada da En'e zuwa Gwamnatin Jiha, daga wannan jiha zuwa waccan, kowane miƙi kuwa ya ƙara wa bikin wani abu ya kuma rage masa wani. Sai dai akwai ɓangare guda wanda ba a taɓa miƙa wa kowa ba, shi ne kuma ya sa duk lokacin da aka ce a tayar da bikin, ake tarar da abin tayarwa.

MUTANEN RUWA

Kabawa tun asali mutanen ruwa ne. Gulbin Rima da gulbin Sakkwato suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, sa'an nan su gangaro kudu maso yamma, su bi ta Argungu da Birnin Kebbi har su faɗa kogin Kwara. Da damina ruwan yakan bar hanyarsa ya malale fadama mai faɗin gaske, kifi ya bi shi cikin ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yan su girma inda abinci ya yalwata. In kaka ta wuce ruwa ya janye, sai ya bar tafkuna da gurabe masu zurfi cike da tarwaɗa da karfasa da kurungu da balli, da kuma uban tafiyar, giwan ruwa. A kan wannan fadama, da shinkafarta da kifinta, Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga Askiya na Songhai ya gina birnin Surame.

Mutanen da abincinsu ke cikin ruwa ba su barin ruwa ba doka. Tun kafin a san Bature, Kabawa suna da al'adu na shekara-shekara, irin su gyaran ruwa da fashin ruwa da gyaran gari da shan kabewa. Gyaran ruwa shi ake fara yi, domin neman tsari daga kada da sauran abin da ke cikin gulbi. Fashin ruwa kuwa shi ne buɗe ruwan ga masunta, kafin shi ba mai izinin jefa koma a wuraren da aka hana. Da yawa daga cikin abubuwan da akan yi a waɗannan al'adu sun kau yayin da Musulunci ya ƙara kafuwa, addu'a ta maye gurbinsu. Amma ƙashin bayan al'amarin yana nan, watau a bar ruwa ya huta har kifi ya girma, a kuma buɗe shi a rana guda domin kowa ya samu rabonsa, mai ƙarfi da mara ƙarfi. Abin da jami'an kifi na zamani ke koyowa a makaranta, tsofaffin Kabi sun daɗe suna aiki da shi ba tare da takarda ba.

Masu riƙe da wannan doka su ne Sarkin Ruwa da Homa. Sarkin Ruwa shi ke kula da lafiyar gulbi, shi ke cewa a shiga ko kada a shiga. Homa shi ne shugaban masuntan Argungu, sunan sarautarsa kuwa ɗaya ne da na kayan aikin. Ita homa koma ce ta hannu, ana riƙe guda biyu, ɗaya a kowane hannu, masunci ya nutsa ya buɗe su a ƙarƙashin ruwa, ya haɗe su kamar mai tafi. Gora kuma babba ne mai baki a sama, wanda masunci ke kifa ciki a kansa ya yi iyo, yana jefa abin da ya kama a ciki. Mai kallo daga rumfa yakan ga abin kamar wasa. Amma riƙe giwan ruwa da ta fi buhun siminti nauyi, cikin ruwa mai laka wanda ba a ganin tafin hannu, ga mutum dubu suna turereniya a sama, aiki ne da ba a koyonsa sai tun ana yaro, a bayan uba ko kawu.

BAƘO DAGA SAKKWATO

Kafin mai karatu ya gane nauyin abin da ya faru a 1934, sai ya waiwaya baya shekara ɗari da 'yan kai. Cikin 1805 rundunar jihadi a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka ja da baya, daga bisani suka kafu a Argungu. An kashe Sarkin Kabi Sama'ila Karari a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, inda ya zauna shekaru da dama. Cikin 1849 Nabame ya koma ya ɗaga tuta, tun daga nan Argungu ta zama ƙaya a ƙafar Sakkwato da Gwandu. An ɗan sami sararin da ake kira Lafiyar Toga a zamanin Sarki Abdullahi Toga, amma ba ta ɗore ba. Sarki Sama, wanda ya hau a 1883, ya yi ta gwabzawa har Turawa suka iso, suka ci Sakkwato a 1903. Turawa sun hana yaƙi, amma ba su iya hana ƙullaci ba, ga shi kuma sun haɗa tsofaffin abokan gaba cikin lardi ɗaya, Lardin Sakkwato.

Saboda haka da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya tako ƙafa zuwa Argungu a 1934, a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ba ƙaramin al'amari ba ne. Tambayar da ke gaban mai masauki ita ce da me za a karrama irin wannan baƙo. Da an yi masa hawan dawaki, da ba a nuna masa abin da bai sani ba, kuma doki da mashi su ne ainihin abin da ake so a manta. Sai aka kai shi bakin ruwa, aka tara masunta, aka nuna masa abin da Kabi ke da shi wanda Sakkwato ba ta da irinsa. Wannan hikima ce ta sarauta, domin an girmama baƙo ba tare da mai gida ya ƙasƙantar da kansa ba.

A nan aka yi miƙi na farko, ko da yake ba wanda ya kira shi da wannan suna. A da ruwa ke sa rana, masunta su bi. Daga 1934 sai baƙo ya sami baki a cikin sa ranar. Abin da yake al'ada ce tsakanin masunci da gulbinsa ya zama abin kallo, abin kallo kuwa yana bukatar rumfa da tabarma da dogari da abincin baƙi, duk waɗannan kuma daga fada da baitulmalin En'e suke fitowa. Masunta ba su yi hasara a wannan ciniki ba, don sana'arsu ta sami daraja da ba ta taɓa samu ba. Amma tun daga ranar, bikin ya zama mai iyaye biyu.

Zamanin En'e ya bar wani abin koyi game da yadda ake miƙa gado. Sa'ad da aka gina sabuwar fada a 1942, zamanin Sarki Muhammadu Sani, ba a bar tsohuwar ta rushe ba. Cikin 1958 aka mai da ita Gidan Tarihi na Kanta, aka tara a ciki makamai da tambura da kayan su da kayan sarautar da, ga kuma kaburburan sarakuna a harabar. Shekara guda bayan haka Alhaji Muhammadu Mera ya hau gadon sarauta, ya yi shekara 37 a kai, har zuwa 1996. A hannunsa ne bikin ya tashi daga na lardi ya zama na ƙasa.

HUKUMA TA SA HANNU

Cikin 1967 aka rushe Jihar Arewa aka yi jihohi goma sha biyu a ƙasar, Argungu ta faɗa cikin Jihar Arewa Maso Yamma mai hedkwata a Sakkwato. A 1970, shekarar da aka ƙare yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon ya zo bikin tare da Shugaban Jamhuriyar Nijar, Alhaji Diori Hamani. Ƙasar da ta fito daga yaƙi tana neman abin da zai nuna sulhu, ga kuwa biki wanda asalinsa sulhu ne. Zuwan Shugaba Diori ma ba baƙunta ce tsantsa ba, domin Arawa da Dandawa da Zabarmawa suna zaune a ɓangarorin iyakar biyu, masunta daga wajen Gaya da Dosso kuwa ba su taɓa ɗaukar gulbin Kabi a matsayin ruwan wata ƙasa ba.

Daga nan Gwamnatin Jiha ta sa hannu sosai. Zamani ne na kuɗin mai, zamanin da gwamnatoci suka ɗauki raya al'adu a matsayin aikin hukuma, abin da ya kai ƙololuwa da bikin FESTAC na 1977 a Legas da babban hawan daba na Kaduna. An gina masaukin baƙi da rumfunan kallo a bakin ruwa, aka ƙara nunin amfanin gona da tseren motoci, aka gayyato 'yan kokawa da 'yan dambe da makaɗa daga nesa. Wasannin ruwa na Kabawa, waɗanda ake kira kabanci, watau tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu tsura, aka ba su ranarsu ta musamman. Biki ya zama na kwana huɗu, sunansa ya kai ƙasashen Turai.

Sauran sauye-sauyen sun zo a gurguje. A 1976 aka raba Jihar Arewa Maso Yamma, aka sami Jihar Sakkwato, a wannan shekara kuma aka kawo tsarin ƙananan hukumomi wanda ya karɓe baitulmali daga hannun sarakuna. Ran 27 ga Agusta, 1991, aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Akwai abin murmushi a nan ga mai sanin tarihi: bikin da aka fara domin sulhu da Sakkwato ya shekara fiye da ashirin ana sa hannu a kan kuɗinsa a Sakkwato, sa'an nan ya koma Birnin Kebbi, garin da Kabawa suka rasa a 1805, inda Sarkin Gwandu ke zaune a yau.

Ba mai musun alherin da hukuma ta yi wa bikin. Amma duk abin da ya shiga kasafin kuɗi ya shiga layi, yana jira tare da asibiti da makaranta da albashi. In shekara ta yi kyau a yi, in aljihu ya motse a ɗage. Bugu da ƙari, hanyar da hukuma ta saba bi ita ce ta naɗa kwamiti in biki ya matso, ta sallame shi in an tashi. Ma'aikacin da ya koyi aikin bana, baɗi an yi masa canji zuwa wata ma'aikata. Yakan bar takardar miƙa aiki, a rubuta kujeru nawa, injin wuta nawa, bashin ɗan kwangila nawa. Abin da ba ya shiga fayil shi ne wane tsoho ne a wane ƙauye ya san inda ake samun gwanayen nutso, wane gida ke noma manyan goruna, wa ya kamata a fara gaisarwa kafin a sa rana. Irin wannan sani a ka yake zaune, in mai shi ya tafi ya tafi da abinsa.

Kyaututtuka ma sun sauya halin gasar. Da hukuma da kamfanoni suka shigo, sai kyauta ta zama mota da kujerar Makka da kuɗi masu kauri, abin da masunci ba zai tara ba ko ya shekara ashirin yana su. Inda kuwa aka ajiye zuma, ƙuda ba ya rasa zuwa. Cikin 2008 aka ƙwace kambun wanda aka ce ya zo na ɗaya, bayan an gano cewa kifin nasa matacce ne da aka shigo da shi daga wani ruwa. Waɗanda suka san kifi ba su bukatar na'ura kafin su bambance wanda ya fito daga Matan Fada yanzu da wanda ya kwana a hanya, wannan ma dalili ne da ya sa alƙalancin gasar ba zai yiwu ba sai da masu sana'ar.

RUWAN DA KANSA

Akwai wani miƙi wanda ba a yi shi a Argungu ba, amma ya fi duk sauran tasiri a kanta. Cikin 1978 aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara. Cikin 1984 aka gama ta Goronyo a kan gulbin Rima. Watau duk gulabe biyun da ke shayar da fadamar Kabi an sa musu ƙofa, mabuɗin kuwa yana hannun injiniyoyin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda ta Gwamnatin Tarayya ce. An yi madatsun ne domin noman rani da ruwan sha, kuma sun yi amfani a wurarensu. Amma ambaliyar shekara-shekara, wadda mutumin birni ke ɗauka masifa ce, ita ce gonar kifi. Da aka rage tsawonta da faɗinta, sai wurin da kifi ke hayayyafa ya ragu, shinkafar fadama ta gargajiya ma ta taɓu. Ga kuma farin 1973 da na 1984, waɗanda suka riga suka gigita ƙasar.

Sakamakon ya fito fili. A 2005 an kama kifi mai kilo 75, wanda sai da ƙarti suka taru kafin a ɗora shi a kan ma'auni. Shekara guda kacal bayan haka, a 2006, ruwa ya yi ƙaranci har aka hana shiga gasar kamun kifin. A watan Satumba na 2010 kuma sai abin ya juya, ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ya share ƙauyuka da gonaki a jihohin Sakkwato da Kebbi. Sarkin Ruwa yana nan da sarautarsa, amma yawan ruwan da zai yi sarauta a kai ana yanke shi ne a wani ofishi mai nisa.

Noman shinkafa na rani ya ƙara wa lissafin wuya. Tun daga 2015, da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi, fadama ta cika da injinan ban ruwa, a 2017 kuma aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa a Argungu. Wannan arziki ne, kuma sau da yawa manomin shi ne masuncin. Sai dai ruwan da za a raba ɗaya ne. In aka haɗa da koma mai ƙananan idanu wadda ba ta barin ko ɗan tsako, sai a ga dalilin da ya sa Sarkawa da sauran masuntan yankin suka daɗe suna tafiya cin rani zuwa Yawuri da tafkin Kainji da Binuwai, wasu har tafkin Chadi. Giwan ruwa ba ta kai kilo saba'in sai ta sami shekaru masu yawa da gurbi mai zurfi inda ba a dame ta ba.

SHEKARA GOMA SHIRU

An yi bikin 2009, daga nan aka yi tsit. A watan Yuli na wannan shekarar rikicin Boko Haram ya ɓarke a Arewa maso Gabas, cikin 'yan shekaru bama-bamai suka kai Abuja da Kano da Kaduna. A watan Mayu na 2011 aka sace injiniyoyi biyu, ɗan Ingila da ɗan Italiya, a cikin Birnin Kebbi kanta, aka kashe su a Sakkwato a watan Maris na 2012. Ba gwamnan da zai so ya tara dubban mutane da jakadun ƙasashen waje a fili ɗaya a irin wannan hali. Dalili ne mai ƙarfi, ba wanda zai ga laifin ɗagewar farko. Abin tambaya shi ne yadda ɗagewa ta zama shekara goma. A cikin waɗannan shekaru an yi hawan Sallah a garuruwa da dama, kasuwanni sun ci, an yi tarukan siyasa na zaɓen 2011 da 2015 da 2019 waɗanda suka tara jama'a maƙil. Gaskiyar magana ita ce bikin ya riga ya girma har ba a iya tunanin yin sa ba tare da manyan baƙi da manyan kuɗi ba, saboda haka da aka rasa babba, sai aka rasa ƙarami ma.

Gini in ba a shiga, gara da jemage su ke gadonsa, haka kuwa masaukai da rumfunan bakin ruwa suka lalace. Masu abinci da masu tabarmi da direbobi da makaɗa, da matan da ke bandar kifi da masu waƙa a bakin gaɓa, duk suka rasa kasuwar da suke jira shekara-shekara. Hasarar da ta fi ɓoyuwa ita ce ta yara. Yaron da yake ɗan shekara goma a 2009 ya kai ashirin da ɗaya kafin ya sake jin ƙarar bindigar nan. Shekarun da ya kamata ya yi yana kallon gwanayen kabanci yana kwaikwayo, ya yi su ne ba tare da fagen da zai gwada kansa ba.

Ana cikin wannan shiru ne, a ƙarshen 2016, Hukumar Ilmi da Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNESCO, a taron da ta yi a Addis Ababa ta ƙasar Habasha, ta sa bikin Argungu cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Shi ne na farko daga Arewacin Nijeriya, domin hawan daba na Kano sai a 2024 ya shiga. An karrama biki a lokacin da ya shekara bakwai ba a yi shi ba. Amma in aka duba abin da hukumar ta karrama, sai a ga ba ta yi kuskure ba. Ba masauki ko rumfa ta rubuta ba. Ta ambaci Sarkin Ruwa da Homa, da sanin ruwa da kifi da ake koya wa yara a gida da wurin sana'a. Waɗannan kuwa ba su tsaya ba ko da rana ɗaya, tun da masunci ba ya jiran kwamiti kafin ya nemi abin da iyalinsa za su ci.

TAYAR DA KWANTACCE

Gwamna Abubakar Atiku Bagudu da Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera, wanda ya gaji mahaifinsa a 1996, su suka tayar da bikin a 2020, Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya halarta. Abin da kuɗi ke iya gyarawa an gyara shi cikin 'yan watanni, fenti da kwano da hanya. Abin da kuɗi ba ya saye kuwa an tarar da shi yana jira. Masunta suka fito dubbai da homarsu, aka kama kifi mai kilo 78, wanda ya ɗara na 2005. Wannan kifi ba kwamiti ya kiwata shi ba, ya girma ne a cikin shekarun da aka ce biki ya mutu.

Murna ba ta daɗe ba. Mako biyu da tashi daga biki aka rufe Legas da Abuja saboda cutar korona. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Birnin Yawuri. Juyin mulkin Nijar na 2023 ya sa aka rufe iyaka wata da watanni. A watan Nuwamba na 2024 'yan ta'addan da ake kira Lakurawa suka kai hari garin Mera, a ƙaramar hukumar Augie, cikin masarautar Argungu kanta. Sai a watan Fabrairu na 2026, zamanin Gwamna Nasir Idris, aka yi karo na 61, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya zo, kifin da ya yi na ɗaya ya auna kilo 59. Watau cikin shekara 17, daga 2010 zuwa 2026, sau biyu tak aka shiga Matan Fada da sunan biki.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, a Argungu kuwa wannan karin magana ba ta bukatar fassara. Gora sai an shuka shi da damina, ya nuna, ya bushe, a fafe shi, a liƙe inda ya tsage. Manomi ba zai ba shi gona ba in bai tabbata za a saya ba, matashi ma ba zai ɓata lokacinsa wajen koyon nutso ba in bai san ranar gasa ba. Bikin da ake yi sau ɗaya cikin shekara shida, kowane karo sabon gini ne daga tushe, da sabon kwamiti da sabon ɗan kwangila, kuɗin da aka kashe a karon baya kuwa ya bi ruwa.

Abin da ya rage a warware bai fi ƙarfin mutane ba. Ana bukatar wata hukuma ta dindindin wadda masarauta da Sarkin Ruwa da Homa ke da kujera a cikinta, ba a matsayin waɗanda ake kira in an gama shiri ba. Ana bukatar rana tsayayya wadda ruwa ya yarda da ita, ko babban baƙo ya sami zuwa ko bai samu ba, da yarjejeniya a rubuce da masu riƙe da ƙofofin Goronyo da Bakolori game da ruwan da za a saki da lokacin sakinsa. Shekarar da tsaro ko aljihu ya hana babban taro, ba abin da zai hana masarauta ta yi fashin ruwa da kabanci na kwana ɗaya da mutanenta, kamar yadda ake yi kafin 1934. Gidan Tarihi na Kanta kuma shi ne wurin da ya dace a tara hotuna da finafinai da sunayen gwanaye da nauyin kifin kowace shekara, a kuma ɗauki muryar tsofaffin masunta tun suna raye. Yaron da ya shiga ruwa a bayan ubansa ranar da Janar Gowon da Shugaba Diori suka zauna a rumfa, yau ya haura shekara sittin da biyar.